Iliya, Ceto Ba Ƙwadago Ba Ne

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Kaduna wajen kawunka Bulus. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku daga mutanen daji da direba mai gyangyaɗi. Innarka ce za ta cusa maka ita cikin kaya, ƙarƙashin ƙullin daddawa, saboda haka in ka ji ta da wari kada ka ga laifina.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san a aji huɗu na tsaya, shi ma ba ni na gaji ba, malamin ne ya gaji da ni. Za ka yi mamaki, muna kwana gida ɗaya amma ina rubuta maka takarda kamar wanda ke Ikko. Dalili shi ne ka san bakina. Duk lokacin da na buɗe shi don in faɗi magana mai nauyi, wasa ne ke riga ta fitowa. Biro kuwa ba ya dariya.

Bari in fara da abin da ya same ni shekaranjiya, tunda kowa a gari yana ba da labarin da gishirinshi. Ga shi daga bakin mai shi.

Tun da likita ya ce ina da ciwon suga, innarka ta zama soja a kaina. Ni kuma na sayi kwalbar zuma wajen wani Bafillace a kasuwar Yankara, na rasa inda zan ɓoye ta, sai na ɗaura mata igiya na zura ta cikin babban rumbun laka. Igiyar ta tsinke. Na jira ranar da mata suka tafi taron zumunta a majami'a, kai kuma kana gonar yayana Baba Tanko, na jingina tsani, na ɗaga jinkar, na leƙa. Na manta cewa damina ta yi nisa, hatsi ya ja ƙasa. Na zura ƙafafu na saki jiki, sai ga ni tim a gindin rumbu, bakin yana can sama kamar farin wata.

Zumar dai na same ta, ban rasa komai ba sai hanyar fita. Ka san yadda cikin rumbu yake, kamar tulu, bango sumul kuma ya lanƙwaso ta sama. Na yi tsalle, hannuna bai kai ba. Na tara sauran dammunan gero na hau, suka zame da ni. Na cire riga, wai ko nauyinta ne. Zufa ta rufe mani ido, ƙaiƙayi ya shiga ko'ina. Ihu kuwa na ƙi yi, don dattijon ikilisiya ba ya ihu daga cikin rumbu. Sai da numfashi ya fara gagarata na yi wani tari mai kama da kiran taimako.

Wa zai ji? Malam Sani maƙwabcinmu, wanda tun farkon damina ba ma ga maciji da shi saboda akuyarshi ta cinye mani wake. Na ga inuwar kai ta rufe bakin rumbun.

Ya ce, "Mutum ko aljan?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"Malam Danjuma? Mi kake yi a nan?"

Na ce, "Ina duba hatsi."

Ya ce, "To madalla. In ka gama dubawa ka aiko a kira ni."

Sai da na ce mashi don girman Allah sannan ya koma ya ɗauko igiyar guga da 'ya'yanshi biyu. Da ya zuro ta, na kama ina ta harbin bango wai ina taya su. Ya ce, "Kai Malam, ɗaura a ƙugu ka daina harbe-harbe, kana ƙara mamu nauyi. Naka dai ka yarda igiyar za ta ɗauke ka." Haka suka jawo ni kamar guga, ba riga, kwalbar ta fashe a aljihun wando, ƙudan gari duka suka yi mani rakiya har ɗaki.

Ba don ka yi dariya kaɗai na ba ka wannan labari ba, ko da yake zan so ka yi, don na daɗe ban ga haƙoranka ba. Innarka ta gaya mani abin da ka ce mata: wai ba za ka sake taka garin nan ba sai ka wanke kanka. Ta faɗa mani tana kuka, ni kuma na kwana ina juya maganar. Na san abin da kake nufi. Bara, da 'yan bindiga suka fito maku a gonar bakin daji, kai kana kusa da babur, Yohanna ɗan Baba Tanko yana can ƙarshen kunya. Ka ji yana kiranka, ka hau babur ka tsere ba ka juya ba. Suka tafi da shi, ya yi watanni a hannunsu, ya dawo yana jan ƙafa. Tun daga ranar ka koma bencin baya a majami'a, in an zo rabon gurasar Jibin Ubangiji sai ka fice, ka mai da kanka bawa a gonar Baba Tanko, yanzu kuma ka ce za ka tafi koyon walda. Koyon sana'a abu ne mai kyau, na sa maka albarka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sharaɗin da ka ɗaura wa dawowarka. Ɗana, tsalle kake yi a cikin rumbu. Ni na yi irinshi shekaru da yawa, ba na shekaranjiya kaɗai ba, shi ya sa nake da bakin magana.

Ka san kakanka bai mutu Kirista ba. A gidan da na tashi, kowane laifi da kuɗinshi. In yaro ya kwanta ciwo, a je gindin tsamiya da jan zakara. In abin ya yi tsanani, baƙin bunsuru. In ruwa ya ƙi sauka, a bincika wa ya yi ɓarna, a yanka abin yankawa. Ban raina mahaifina ba, mutum ne mai tsoron abin da ya fi ƙarfinshi, kuma bai taɓa cin amanar kowa ba. Amma abin da na koya a gabanshi shi ne, na sama ciniki ake yi da su. Da na karɓi bishara ina saurayi, na bar tsamiya, amma cinikin na ƙunso shi a aljihu na shigo da shi majami'a.

Lokacin ina shan burkutu, ba kaɗan ba. Sai na tsara wa kaina lissafi: in na sha ranar Asabar, in ƙara kuɗin baiko a majami'a ranar Lahadi. Shekarar da na fi ɓaci, ranar godiyar kaka na ɗaure damin dawa wanda ba a taɓa ganin irinshi ba, sai da mutum biyu suka aza mani. Na shigo da shi ina rawa, mata na guɗa, wuyana na ƙara. Da aka tashi, mai bishararmu na lokacin, Malam Audu, wani siririn tsoho mai tabarau ɗaure da zare, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Danjuma, damin nan godiya ce ko toshiyar baki?"

Na ce, "Baba, duka biyun, don kada a yi asara."

Ya ce, "Allah ba mai tsaron shingen hanya ba ne da za ka miƙa mashi ta taga ka wuce."

Na ji haushi, na ce to ai mutanen Tsohon Alkawari da raguna suka sayi ceto, mu kuma da baiko, bambancin mi ne? Bai yi faɗa ba. Ya zamnar da ni a kan dakali ya tambaye ni, da Isra'ilawa suna bauta a Masar, wanne ya riga zuwa, fitowa ko dokoki? Na ce dokoki mana, ai sai an ci jarrabawa ake ba da sakamako. Ya ce in je in duba. Na yi kwanaki ina bin layi da yatsa, sai na tarar Allah ya fito da su tukuna, ya raba masu teku, ya ciyar da su a jeji suna ta gunaguni, sannan daga baya ya kai su gindin dutse ya ba su doka. Ashe ba wai sun gyaru ne aka fito da su ba. An fito da su ne, sannan aka ce masu ga yadda 'yantattu ke zama.

Daga nan na kama bincike irin na mai neman abokan laifi, kuma na same su da yawa. Adamu da Hauwa'u sun yi ɓarna, suka ɗinka ganyen ɓaure suka ɓuya. Ka taɓa ganin wandon ganye ya kai la'asar? Allah ne da kanshi ya zo yana nemansu, kuma ko da ya hukunta su, bai kore su tsirara ba, shi ya yi masu sutura ta fata. Nuhu ya sami tagomashi a gaban Allah, ya fito daga jirgi, ya yi noman inabi ya sha ya kwanta ba ko zane. Da na karanta wannan na ce ashe dangina ne. Ibrahim, tsoro ya sa ya ce matarshi ƙanwarshi ce, ba sau ɗaya ba, amma da Allah ya yi mashi alkawari ya gaskata, aka lasafta mashi wannan a kan adalci, tun kafin a yi zancen kaciya. Yakubu kuwa, da a kasuwar Yankara yake, ba mai ba shi ajiyar akuya. Shi aka zaɓa. Ragunan da nake taƙama da su ashe ba farashi ba ne, nuni ne zuwa ga Almasihu, Ɗan Ragon da Allah zai bayar da kanshi.

Shawarata a nan ita ce: in ka shiga Kaduna za ka tarar da masu wa'azi iri-iri, wasu da lasifika kamar ta masu tallan magani. Duk wanda ya ce maka ga adadin da za ka bayar, ko azumin da za ka yi, kafin Allah ya dube ka, ka gaishe shi da ladabi ka wuce. Tsamiyar kakanka ce aka shafa wa fenti. Ka yi baiko, ka yi azumi, amma ka yi su kamar yadda kake kai wa innarka tsaraba, ba kamar mai biyan tara ba. Burkutu kuma, tunda na ambace ta, kada ka fara. Ni ban bar ta don a karɓe ni ba. Sai da na gane an riga an karɓe ni sannan ta fara yi mani ɗaci, a hankali, da faɗuwa da tashi.

Za ka ce ai na gane daga nan. Ina! Kan babanka kamar ƙasar fako yake, ruwa ɗaya ba ya jiƙa shi.

Kafin a haife ka, lokacin da gayya ke gayya, da makaɗa da tuwo da fura, ina da wani ciwon baya mai hankali. Ba ya tashi sai ranar gayyar wani. Da na ji gangar noma daga nesa sai in ɗaure ƙugu da rawani in kwanta ina nishi. Da la'asar in warke, in je cin tuwon. Kowa ya sani, har suna cewa bayan Danjuma ya fi mai gari sanin ranakun gayya. Ka san dokar abin: wanda ya je maka, kai ma ka je mashi. Ni ba wanda ke da dalilin taka gonata.

Sai wata damina kurkunu ya kama ni a ƙafa biyu. Kai ba ka san shi ba, Allah ya raba ku da shi. Tsutsa ce doguwa kamar zare, tana fitowa a hankali, ana naɗe ta a tsinke, mutum ba ya ko iya tsayuwa. Lokacin noman farko ne, ciyawa ta haɗiye gero, innarka na da tsohon cikin yayarka Ladi. Ina kwance ina lissafin yunwar baɗi. Wata safiya na ji ganga, na ce a raina yau dai ciwon na gaskiya ne. Sai na ji sautin yana matsowa, har ya tsaya a bayan gidanmu. A gonata suke. Kirista da Musulmi da masu bin tsamiya, duk waɗanda na yi wa ƙaryar ciwon baya. Ko tuwon ma matansu ne suka dafo, don gidanmu ba abin dafawa. Kafin azahar sun share ta tas.

Ka san abin da babanka ya yi? Maimakon in yi godiya, sai abin ya tsaya mani a wuya. Na kasa haɗa ido da kowa. Da kaka ta yi, na auna gero a ƙwarya na fara bi gida-gida, wai ina biyan kowa ladan yininshi. Na fara da Baba Dogo, sarkin nomanmu. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Na aikin da kuka yi mani ne, Baba."

Ya ce, "Au, ashe ƙwadago muka je? Yaro, da ƙwadago ne da ba ka iya biyana. Mun ga matarka da ciki, mun ga kai wawa ne, muka ce ba za mu bar ta ta mutu da yunwa don wautarka ba. Ɗauki geronka ka fitar mani daga gida kafin in tuna ciwon bayanka."

Na fito da ƙwaryata a kai, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ranar na gane cewa abin da nake kira mutunci girman kai ne. Na fi son a ce na biya da a ce an yi mani. Da na ba Malam Audu labari ya yi dariya har tabarau ya faɗi, ya buɗe mani labarin Na'aman, babban sojan nan kuturu, wanda ya zo wajen annabi Elisha da kaya niƙi-niƙi don ya sayi lafiya. Aka ce ya je ya yi wanka a kogi kawai, ya fusata don abin ya yi araha da yawa. Da ya warke ya dawo da kayan, annabin ya ƙi karɓar ko allura. Malam Audu ya ce, "Ka ga ɗan'uwanka. Shi da dawakai ya je, kai da ƙwarya."

Daga wannan shekara ban sake fashin gayya ba, har ta mutu a garin nan. Amma ka lura, ba biya nake yi ba, don Baba Dogo ya riga ya rufe wannan ƙofa. Zuwa nake yi saboda na zama ɗaya daga cikinsu, kuma su suka mai da ni haka tun ina kwance. Abin da manzo Bulus ke ta nanatawa ke nan a wasiƙunshi, cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah, ta hanyar bangaskiya ake karɓa, ba ladan aiki ba ne, don kada kowa ya yi fahariya. Kuma bai ce a naɗe hannu ba, ya ce an yi mu ne domin kyawawan ayyuka. Aikin yana biyo baya, kamar yadda zangarniya ke biyo shuka. Saboda haka in kawunka ko matarshi ko wani baƙo ya yi maka alheri a can, ka ce na gode, ka ci, ka ƙoshi. Kada ka zama mai saurin ramawa don ka huta da nauyin godiya. Wanda bai iya karɓa ba, bayarwarshi ma ciniki ce.

Yanzu bari in zo kan taka.

Ba zan ce maka ba ka yi komai ba, don ba za ka yarda ba, kuma ban saba yi maka ƙarya a babban abu ba. Ka ji kira ba ka juya ba. Ko juyawar za ta yi amfani, Allah kaɗai ya sani. Na tambayi Yohanna da kaina, ranar da na same shi yana gyaran galma a zaure. Ya ce, "Baba, da ya dawo, da mu biyu za su tafi da mu, wa zai kawo labari gida? Na yi fushi da shi a daji, ba zan ɓoye maka ba. Amma fushin ya ƙare tun kafin ƙafar nan ta daina ruwa. Abin da ke damuna yanzu, yana nome mamu gona kamar ɗan ƙwadago, in na kawo mashi fura sai ya ce ya ƙoshi. Ni ɗan'uwana nake so, ba lebura ba." Haka ya faɗa, ban ƙara gishiri ba, ko da yake ka san hannuna da gishiri.

To ka gaya mani, da mi za ka wanke kanka? In ka tara kuɗin walda ka saya mashi babur, ƙafar za ta miƙe? In ka shekara goma ba ka zo ba, watannin da ya yi a daji za su ragu? Abin da kake son biya ba shi da farashi, shi ya sa ba za ka taɓa gamawa ba, kuma shi ya sa nake tsoron sharaɗinka. Wanda ya ce sai ya gama biyan irin wannan zai dawo, ya yi sallama da gida ke nan.

Ka buɗe Littafinka ka duba daren da aka kama Ubangiji. Mutanen da suka ci abinci da shi a akushi ɗaya, dukansu suka watse. Bitrus mai cika baki ya yi rantsuwa bai san shi ba, a gaban wata 'yar aiki. Da Yesu ya tashi daga matattu bai aika masu cewa su je su wanke kansu tukuna ba. Shi ya bi su har bakin teku, ya hura wuta, ya gasa kifi, ya ce su zo su karya kumallo. Sai da Bitrus ya ci sannan ya tambaye shi ko yana ƙaunarshi, ya ba shi kiwon tumakinshi. Ka tuna kuma ɓarawon da aka gicciye kusa da shi. Hannuwanshi a kafe suke, ba zai iya mayar da ko zakara ɗaya da ya sata ba, ba baftisma, ba baiko, ba gobe. Roƙo ɗaya ya yi, a tuna da shi, aka ce mashi yau ɗin nan zai shiga aljanna. In akwai wanda aka ceta da aikin hannunshi a cikin Littafin nan daga farko har ƙarshe, ni dai yatsana bai taɓa sauka a kanshi ba, kuma a hankali nake karatu, ba na tsallake layi.

Jibin Ubangiji da kake gudu, ba don waɗanda suka tsaya aka shirya shi ba. Waɗanda suka fara cin shi, a daren suka gudu, kuma mai ba su ya san za su gudu. In ka sami majami'a a can, ka zamna inda ka ga dama, amma in an miƙo maka gurasa ka karɓa. Ka faɗa wa Allah abin da ka yi da sunanshi, ba kwana-kwana, sannan ka yarda cewa jinin Almasihu ya isa. Cewa laifinka ya fi ƙarfin gicciye ba tawali'u ba ne, ƙwaryar gerona ce ka gada.

Sauran ƙananan abubuwa: ka sa tabaran walda ko da abokan aiki sun yi maka dariya, ido ba shi da na canji. Ka gaida maigidanka da safe ko ya amsa ko bai amsa ba. Ka zamna lafiya da Musulmin da za ka tarar, kamar yadda ka ga muna zaune a nan, faɗanmu ba ya wuce na akuya. Ka riƙa kiran innarka, ko ba ka da abin faɗi, ita tana da shi.

Akwai magana ɗaya da ta rage, ita ce na yi ta zagayawa tun farkon takardar nan kamar kare da tukunya mai zafi.

Washegarin ranar da aka tafi da Yohanna, maza sun taru a gindin bedin ƙofar majami'a. Baba Tanko, yayana, yana zaune ya sunkuyar da kai, ba mai cewa uffan. Ni kuma shiru yana firgita ni, tun ina yaro. Cikina cike yake da murnar kana raye da kunyar wannan murna a gaban yayana. Wani ya tambaya yadda aka yi ka tsira, sai na ji bakina ya ce, "Ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Kaina na so in zaga, don kowa ya san ni da tsoro. Wasu suka yi 'yar dariya. Da na ɗaga kai sai na gan ka tsaye a bayan benci. Kafin sati ya zagayo yara sun fara kiranka Ɗan Barewa, har yau ba su daina ba. Mutanen daji sun ɗauke maka ɗan'uwa, ni kuma na ɗauke maka suna, a ranar da ya kamata in tashi in rungume ka a gaban kowa in ce na gode wa Allah da ya dawo mani da ɗana.

Na roƙi Allah gafara a kan wannan, kuma na gaskata ya yafe, kyauta, yadda ya saba. Amma gafarar Allah ba ta ce in yi shiru in wuce ka ba. Ita ce ma ta hana ni barci. A satin nan na zo ƙofar ɗakinka ba sau ɗaya ba, in na buɗe baki sai in ji ina tambayarka ko ka ga wuƙar aski.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka maigida mai haƙuri da abokai na kirki, ya sa albarka a hannunka. Ya tsare garinmu da Mabai da Damari da duk ƙauyukan da ke kwana da ido ɗaya, ya juyo da zukatan waɗanda ke daji, don su ma ban isa in ce alherin bai kai gare su ba. Innarka da Ladi da Baba Tanko suna gaishe ka. Yohanna ya ce ba ya gaisuwa ta takarda, sai ka zo.

Kai ba ka da abin da za ka biya kafin ka dawo. Ni ne ke da shi. A gindin bedin nan na yi maganar, a gaban mutane, kuma a nan ya kamata in tsaya in janye ta, ranar Lahadi bayan an tashi sujada, ba wasa, ba karin magana, kana tsaye kana ji. Ta waya ba za ta biyu ba, a takarda ma ba ta biyu ba. In an yanke dawa ka shigo mota ka zo, ko da aljihunka wayam. Ka san ni da suga, kuma shekaru sun ja. Kada ka bar tsoho ya tafi da hakkinka a wuya.

Ni ne babanka,
Danjuma